A kasa, a tsare, a raka: aikin wakili a rumfar zaɓe daga safiya zuwa tattara sakamako

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce iko na jama'a ne, daga hannunsu gwamnati take samun ƙarfinta. Wurin da wannan magana take sauka ƙasa a gan ta da ido shi ne rumfar zaɓe: teburi, akwatuna, na'ura ɗaya, ma'aikata huɗu, da layin mutane a cikin rana. A nan ƙuri'ar mai tura baro take yin nauyi ɗaya da ta attajiri. A nan mutum yake zaɓa a ɓoye, a ƙirga a fili, wanda ya sha kaye ya sa hannu a kan gaskiyar da bai so ba. Idan aka ɓata waɗannan abubuwa a rumfa, da wuya wata kotu ta dawo da su yadda suke.

Wannan bayani na wakilin jam'iyya ne, wanda aka fi sani da ejan, amma zai amfani mai sa ido da duk mai zaɓen da ya yi niyyar tsayawa har a gama. An gina shi a kan Dokar Zaɓe ta 2022 da ƙa'idojin da hukumar INEC ta yi aiki da su a babban zaɓen 2023. Majalisa takan yi wa doka kwaskwarima, hukumar kuma takan fitar da sabon littafin ƙa'idoji gabanin kowane babban zaɓe, don haka ka nemi na lokacin ka gwada shi da abin da ke nan.

Kafin ranar

Jam'iyya ce take miƙa sunan wakili ga hukuma, da hotonsa da samfurin sa hannunsa, aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. Hukuma kuma ta ba shi katin shaida da zai rataya a wuya. In babu wannan kati, malamin zaɓe, wato shugaban ma'aikatan rumfa, yana da hurumin hana ka matsowa kusa da teburi, kuma ba zai ba ka kwafen sakamako ba. Dokar ta hana mai riƙe da muƙamin siyasa, kamar ciyaman, kansila, kwamishina ko minista, zama wakili sai ya ajiye muƙamin wata uku kafin zaɓe. Dalilin a bayyane yake: malamin zaɓe ɗan bautar ƙasa mai shekara ashirin da 'yan kai ba zai iya ce wa kwamishina "a'a" ba.

Kuskuren da jam'iyyu suka fi yi shi ne zaɓar wakili don ƙarfi da tsaurin ido. Wanda ake buƙata shi ne mutumin da ya yi rajista a wannan rumfa, ya san fuskokin 'yan unguwa, ya iya karatu da tara lamba, kuma zai iya wuni bai tada jijiyar wuya ba. A sallame shi da abincinsa da kuɗin aikinsa tun da safe. Ejan mai yunwa shi ne ƙofar da masu maguɗi suka fi shiga ta cikinta, domin da la'asar ta yi zai tafi neman abinci, ko kuma wani ya kawo masa.

Ka je ka ga rumfar da ƙafarka kwana biyu ko uku kafin ranar. A 2021 hukuma ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, aka raba masu zaɓe da yawa zuwa sababbin wurare, kuma a 2023 mutane da dama sun yi ta yawo da katinsu a hannu suna neman inda sunansu ya koma. Ka rubuta lambar rumfar, wadda take da gida huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Ka rubuta adadin masu rajista.

Kayan aiki kaɗan ne: biro biyu, littafin rubutu mai ɗinki wanda ba a yage masa shafi ba, waya cike da caji da ƙaramin batirin ƙari, tocila, ledar saka takarda, ruwan sha. Hula ko riga mai tambarin jam'iyya ka bar ta a gida. Kamfe yana ƙarewa awa 24 kafin ranar zaɓe.

Abubuwa biyar kafin mutum na farko ya jefa

Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe. Ka isa da awa guda kafin nan. Ma'aikata huɗu za ka tarar: malamin zaɓe, wanda shi ne shugaba, da mataimaka uku, ɗaya a kan layi, ɗaya a kan na'urar tantancewa ta BVAS, ɗaya a kan rajista da tawada. Ka gaishe su, ka nuna katinka, ka rubuta sunan malamin da lokacin da suka iso. Ka gaisa da wakilan sauran jam'iyyu ku san juna, domin da yamma za ku buƙaci juna fiye da yadda kuke zato.

Na farko, ka nemi ganin takardar sakamako, fom EC8A, ta asali, ba a rubuta komai a kanta ba, kuma lambar da ke jiki ta rumfarku ce. Rumfar da aka fara zaɓe babu wannan takarda a wurin, akwai yiwuwar ana cika ta a wani ɗaki. Na biyu, takardun ƙuri'a: nawa aka kawo na kowane zaɓe, wace lamba ce ta farko, wace ce ta ƙarshe. Na uku, a nuna maka fuskar na'ura ka ga adadin waɗanda aka tantance sifili ne. Na huɗu, a ɗaga kowane akwati a kife shi kowa ya ga babu komai, sannan a rufe a ajiye a inda ido yake kai. A zaɓen tarayya na 2023 akwatuna uku ne: jan murfi na shugaban ƙasa, baƙi na sanata, kore na ɗan majalisar wakilai.

Na biyar shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi tasiri: inda aka kafa ɗakin dangwale. Ka je ka tsaya a ciki da kanka. Ka waiga. Akwai taga a bayanka? Akwai katanga da yaro zai hau, ko baranda, ko bencin da wasu suka riga suka zauna a kai? Tsakanin ɗakin da akwati taku nawa ne, kuma wa zai iya leƙa takarda a wannan tsakanin? In ka ga matsala ka roƙi malamin zaɓe ya juya ɗakin ya ba jama'a baya, akwati kuma ya zauna kusa da shi amma a fili. Ka yi wannan roƙo tare da sauran wakilai, kafin layi ya fara motsi.

Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne, cinikin ƙuri'a ba ya tsayuwa sai mai saye yana da hanyar tabbatar da hajarsa. Taliya da atamfa da sabulun da aka raba daren jiya ba su ɗaure kowa ba muddin ba a ganin inda ya dangwala. Shi ya sa masu saye suke dasa mutum kusa da akwati, mai zaɓe ya ɗan buɗe takarda ya nuna, a ɗaga masa kai, ya wuce bayan gida ya karɓa. Wasu kuma hoto suke nema, dalilin da ya sa tun zaɓen gwamnan Osun na 2018 hukuma ta hana shiga ɗakin dangwale da waya. An taɓa gwada ƙato bayan ƙato a farkon shekarun 1990, zamanin Janar Babangida, inda kowa zai bi layin ɗan takararsa a idon duniya. Ƙirga ya yi sauƙi, amma ka tuna da ɗan haya a gaban mai gidansa, da yaron shago a gaban ubangidansa, da mace a gaban mijinta. Sirrin ƙuri'a kariya ce ga mai rauni, kuma wakilin kirki yana tsare shi ko da ya san mai shiga ɗakin ba nasa ba ne. A dokar 2022, mai ba da cin hancin zaɓe da mai karɓa duk masu laifi ne, hukuncin tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun.

Lokacin jefa ƙuri'a

Tsarin a jere yake. Mai zaɓe ya nuna katinsa, na'ura ta karanta, ta tantance shi da yatsa ko da fuska, a duba sunansa a rajista a yi masa alama, a shafa masa tawada a gindin farce, malamin zaɓe ya buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a ya sa hannu da kwanan wata ya miƙa masa. Wanda na'ura ta kasa tantance shi ta yatsa da ta fuska duka, ba zai yi zaɓe ba, ko da limamin unguwa ne kuma kowa ya san shi. Abin da ciwo, amma ranar da aka yi wa mutum ɗaya alfarma an buɗe ƙofar da ba za a iya rufewa ba, kuma lissafin yamma zai tona asiri. Idan na'urar ce ta lalace, a dakata a kira mai gyara ko a kawo wata. Kada ka yarda a ce "a ci gaba da hannu kafin su zo". Dokar ta ce in ba a samu wata na'ura ba a soke zaɓen rumfar, a sake shi cikin awa 24 idan sakamakonta zai iya canza wanda ya yi nasara.

Sashe na 49 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba da damar raba layin maza da na mata a inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba. Aikin wakili a nan shi ne ya tabbata layukan biyu suna tafiya tare, mace ɗaya namiji ɗaya ko biyar-biyar, yadda aka amince tun farko. Abin da yake faruwa in ba a lura ba shi ne maza su mamaye teburi, mata su wuni a rana da goyo, azahar ta yi su koma gida ɗora girki ba su jefa ba. Matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekaru da yawa bayan 'yan uwansu na Kudu, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kanta. Bai kamata a ƙwace ta da turereniya a bakin teburi ba. Tsofaffi, masu juna biyu, masu shayarwa da masu buƙata ta musamman ana shigar da su gaba. Makaho yana da ikon zuwa da wanda ya yarda da shi ya taimaka masa, amma wannan mutum ba zai zama wakilin jam'iyya ba. Ka lura da mutum ɗaya da yake ta raka tsoho bayan tsoho cikin ɗakin dangwale.

Hatimi da sa hannun nan na bayan takarda, kada idonka ya bar su. Idan layi ya yi tsawo, malamin zaɓe ya gaji, yakan fara miƙa takardu ba hatimi ko ba kwanan wata. Kano ta ga abin da wannan yake jawowa. A Satumba 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamna ta zaftare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'u sama da 165,000 bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata, ta ce Nasiru Gawuna ne ya yi nasara. Sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un. Watanni jihar tana zaman ɗar-ɗar a kan abin da wakili zai iya gyarawa da magana ɗaya: "Malam, ba ka buga wa wannan ba."

Ƙuri'u da yawa kuma tawada ce take kashe su. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 sama da 900,000 aka soke, a na 2019 sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Jam'iyyu 18 ne a kan takardar 2023, gidajen ƙanana, mutum ya cika yatsa da tawada ya danna ta malala gida biyu, ko ya ninka takardar tsakiya ɗanyar tawada ta buga a gaban wata jam'iyya. Wannan darasi ne na kafin ranar zaɓe: tawada kaɗan, dangwale ɗaya a tsakiyar gida, a ɗan jira ta sha iska, a naɗe takardar a tsaye rubutu yana ciki sannan a danne. Wanda ya ɓata takardarsa kafin ya jefa, ya mayar wa malamin zaɓe a soke ta a ba shi wata.

Kana zaune kana yin naka ƙirgen a littafi, sanda ɗaya ga kowane mutum da ya karɓi takarda, biyar-biyar. Duk abin da ya faru ka rubuta shi da lokacinsa: 10:40 na'ura ta tsaya, 11:15 ta dawo, 1:05 wasu samari sun zo a kan babura uku. Cikin mita 300 daga rumfa an hana neman ƙuri'a, da kirarin jam'iyya, da jiniya, da riƙe makami. Ƙorafinka ga malamin zaɓe za ka kai, shi yake da ikon sa ɗan sanda ya fitar da mai tada hankali. Kada ka taɓa akwati, kada ka taɓa na'ura, kada ka kama kowa da hannunka.

A nan dole a faɗi wata magana. Yawancin malaman zaɓe 'yan bautar ƙasa ne, baƙi a garin, wasu ko Hausa ba sa ji, sun kwana a tabarma a wata makarantar firamare. A rikicin bayan zaɓen 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 a jihohin Arewa 12 cikin kwana uku, kuma 'yan bautar ƙasa goma aka kashe a Jihar Bauchi. Baƙon da ya zo yi wa garinku aiki amana ce a wuyan kowane wakili. Idan 'yan jagaliya suka nufo rumfa, ko da na jam'iyyarka ne, wurin tsayuwarka gefen ma'aikata da sauran wakilai. Rumfar da aka tarwatsa soke ta ake yi, ƙuri'un mutanenka su tafi tare da na kowa.

Ƙarfe 2:30 na rana ake rufe layi. Duk wanda yake kan layi a lokacin zai yi zaɓe ko da dare zai yi. A tsayar da jami'in tsaro a bayan mutum na ƙarshe, ka rubuta ko wane ne.

A kasa

Ana ƙirga a nan rumfar, a gaban kowa. Kada a yarda a ɗauki akwati zuwa gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda "saboda duhu". Tocilar da ka zo da ita ta wannan lokaci ce. Masu zaɓe suna da damar tsayawa su kalla muddin suna cikin natsuwa, kuma taron mutane masu natsuwa ya fi kowane ƙwado tsare akwati.

Kafin a buɗe akwati, a ƙirga takardun da ba a yi amfani da su ba, a ja musu layi a soke su, a saka a ambulan ɗinsu. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma da waɗannan ragowar takardu ake yin aringizo. A duba adadin da na'ura ta tantance, ka gan shi da idonka ka rubuta, ka gwada da sandunan littafinka. Sannan a zazzage akwati a kasa ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, ana ɗaga kowace takarda ana nunawa.

Rigima takan tashi ne a kan ƙuri'un da za a soke: wadda ba a dangwala ba, wadda aka dangwala wa jam'iyyu biyu, wadda aka yi rubutun da zai nuna mai ita. Shawararmu ita ce wakilai su zauna da malamin zaɓe su fahimci ma'auni ɗaya kafin a buɗe akwati, lokacin da ba wanda ya san wa abin zai taɓa. Ma'aunin da ka yarda a soke ta abokin hamayya da shi, da shi za a soke taka. In ba ka gamsu da soke wata takarda ba, doka ta ba ka damar sa malamin ya rubuta a jikinta cewa an soke amma an yi jayayya. Bayan an ƙirga da babbar murya, wakili yana iya neman a sake ƙirgawa, sau ɗaya tak.

Yanzu sai fom EC8A. A samansa akwai gidaje takwas: masu rajista, waɗanda aka tantance, takardun da aka kawo, waɗanda suka rage, waɗanda suka lalace a hannu, ƙuri'un da aka soke, ƙuri'u masu kyau, da jimillar takardun da aka yi amfani da su. Lissafi uku za ka yi kafin kowa ya sa hannu. A ce rumfa tana da masu rajista 750, an kawo takardu 750, na'ura ta tantance 312. An samu masu kyau 298, an soke 12, an lalata 3 a hannu. Takardun da aka yi amfani da su 313 ke nan, ragowar dole su zama 437. Ƙuri'un jam'iyyu in an tara su dole su ba da 298 daidai. Sannan abin da ya fito daga akwati, wato 298 da 12, ya zama 310, bai wuce 312 ba, lafiya lau. Mutum biyu an tantance su ba su jefa ba. Amma da abin da ke cikin akwati ya kai 313, ƙuri'a ɗaya tak sama da adadin na'ura, sashe na 51 na dokar 2022 ya ce a soke sakamakon rumfar gaba ɗaya. A tsohuwar doka da adadin masu rajista ake gwadawa, shi ya sa aringizo yake wucewa salin-alin. Yanzu wanda ya cusa ƙuri'a biyar don ya taimaki ɗan takararsa ya ƙona masa ɗari uku.

A rubuta kowane sakamako da lamba da kuma kalmomi. Gidan jam'iyyar da ba ta samu komai ba a rubuta sifili, kada a bar shi fayau, kuma kada a bar fili a gaban lamba inda za a iya soka 1 ko 2 a mayar da 45 ta koma 245. In an yi kuskure an goge, malamin ya sa hannu a gefen gyaran. Daga nan ya sa hannu ya buga hatimi, wakilai su sa nasu, ya faɗi sakamako da ƙarfi, ya ba kowane wakili da ɗan sanda kwafe, ya liƙa babbar takardar sakamako, EC60E, a bango don jama'a, ya ɗauki hoton fom ɗin da na'ura ya tura IReV, shafin intanet na hukuma inda ake ɗora sakamako. Ka duba kwafenka a ƙarƙashin tocila, domin kwafe na huɗu ko na biyar yakan fito dishi-dishi. Ka ɗauki hoton na asali da na bango da wayarka.

Batun sa hannu yana buƙatar a fahimce shi sosai. Wasu jam'iyyu sukan ce wa wakilansu in an faɗi kada a sa hannu. Wannan ba ya soke komai, ƙa'ida ta ce ƙin sa hannun wakili ba ya ɓata sakamako. Idan abin da aka rubuta shi ne abin da aka ƙirga a gabanka, ka sa hannu ko da jam'iyyarka bakwai ta samu. Shaida ka bayar a kan abin da ka gani, kuma irin wannan shaida ce take sa gobe a yarda da kai in kai ka ci. Ranar 31 ga Maris 2015 Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya ya amsa shan kaye tun kafin a kammala sanarwa, ƙasa ta kwana lafiya. Abin da ake nema a wurin wakili ƙaramin wannan ne. Idan kuwa lambobin ba su ne aka ƙirga ba, kada ka sa hannu, domin kotu takan ɗauki sa hannunka a matsayin amincewa. Ka rubuta ƙorafi a takarda biyu, ka ba malamin ɗaya ka riƙe ɗaya, ka sanar da wakilinku na mazaɓa nan take.

A raka

Daga rumfa sai cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, inda ake kwashe lambobin kowace rumfa zuwa fom EC8B, daga nan ƙaramar hukuma a EC8C, sannan jiha a EC8D. Ƙasar tana da mazaɓu 8,809 da ƙananan hukumomi 774, kuma a wannan tsani, cikin dare, lambobi suka fi canza kama. Ka bi motar ma'aikata a baya har cibiyar, ka miƙa wa wakilinku na mazaɓa lambobinka, ka tsaya har a karanta rumfarku ka ji da kunnenka. Dokar 2022 ta wajabta wa jami'in tattarawa ya gwada abin da ke kan takarda da bayanan na'ura kafin ya karɓa. In an samu saɓani, lokacin magana ke nan, kafin a rufe fom.

Kada ka dogara da IReV kaɗai. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin a kan lokaci, kuma a Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce shafin na kallo ne, rashin ɗora sakamako a kansa bai isa ya rushe zaɓe ba. Takardar da ke hannunka ita ce hujja.

Baturen zaɓe, wato jami'in da aka naɗa ya kammala tattarawa, shi kaɗai yake da ikon bayyana wanda ya ci. A Adamawa, ranar 16 ga Afrilu 2023, kwamishinan zaɓe na jihar ya bayyana wata 'yar takara a matsayin wadda ta ci kujerar gwamna ana tsakiyar tattarawa, hukuma ta soke sanarwar a ranar domin ba huruminsa ba ne. Haka kuma in aka ce zaɓe bai kammala ba, inkonkulusib ɗin da Kanawa suka sani tun 2019, akwai lissafin da za ka iya bi da kanka: a ƙa'idar 2023, in ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta wuce adadin waɗanda suka karɓi katin zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai an sake zaɓe a waɗannan rumfuna. Kowace rumfa da aka bari aka tarwatsa tana ƙara wa wannan adadi nauyi.

Wanda bai gamsu ba hanyarsa kotu. Kwana 21 ne daga ranar sanar da sakamako a shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. Alƙalai sun sha watsi da shaidar wakilin mazaɓa ko na jiha a kan abin da ya faru a rumfa, suna cewa ji ya yi ba gani ba. Wakilin rumfa suke so, da katinsa na hukuma, da kwafensa, da abin da ya rubuta a ranar. Don haka da ka dawo gida ka yi wa kwafen hoto na biyu a shimfiɗe cikin haske, ka yi fotokwafi uku washegari, ka saka na asali a leda kada ka ninka shi a kan lambobi, ka ajiye shi nesa da rana da danshi domin rubutun kwafe yana dushewa. In jam'iyya ta aiko a karɓa, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata ya sa hannu a littafinka, kai kuma ka riƙe fotokwafi ɗaya da katin wuyanka har a gama shari'a ta ƙarshe.